Keken da zai je Yamai: abin da muke dubawa kafin a tashi

Sana'armu gyaran keke ce da sayar da kayansa, a nan Maraɗi. Yawancin aikin da ke shigowa rumfa na yau da kullum ne: faci, birki ya saki, sarƙa na zamewa, ƙafar gaba ta lanƙwashe a rami. Amma jefi-jefi sai wani ya turo kekensa ya ce Damagaram zai je da shi, ko Yamai. Wannan aiki daban ne, kuɗinsa ma daban, kuma kafin mu taɓa sifana muna tambayar mai keken: awa nawa ka taɓa yi a kan sirdi a yini ɗaya?

Lissafi ne ya sa. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, ta Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Mai keke da kaya, wanda ba ɗan tsere ba, yana cin kilomita 15 a awa, wato awa 44 ke nan zaune. In yana juya feda sau 70 a minti, gwiwarsa za ta lanƙwashe ta miƙe kusan sau 185,000 kafin ya isa. Duk abin da ya ɗan karkace, a jikin keke ko a zaman mutum, sau 185,000 zai maimaita kansa. Abin da ba ka ji tsakanin gida da kasuwa, shi ne zai sauke ka a Madawa.

Shi ya sa da sirdi muke farawa. A riƙe wa mai keke, ya hau, ya ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ya koma takawa da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Mutanenmu sun saba sauke sirdi don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa a cunkoso. Cikin gari ba laifi. A doguwar hanya kuwa sirdin da ya yi ƙasa yana cin gaban gwiwa, wanda ya yi sama da yawa ya mayar da ciwon bayan gwiwa, ƙugu na rangaji, matsematsi na gogewa. Ana gyarawa da rabin santimita a lokaci guda, in an dace a sa alama da fenti a jikin ƙarfen.

Sirdi mai soso mai kauri, wanda matasa suka fi nema, yaudara ce. Mutum yana nutsewa a ciki, nauyi ya bar ƙasusuwan zama guda biyu ya koma kan nama da jijiyoyin da ke tsakani, bayan awa biyu wurin ya mutu ba a jin komai. Mai ɗan tauri wanda jiki ya saba da shi ya fi. Kuma ba a ɗaura sabon sirdi ranar tafiya, ko mu muka sayar da shi. Wando mai kaurin ɗinki a tsakiya a bar shi gida. Gumi da gishiri da ƙura in suka haɗu da gogayya, ƙuraje ne ke fitowa, daga ƙurji sai maruru, maruru kuwa in ya nuna a mazauni tafiya ta ƙare. Maganinsa arha ne: a wanke wurin da sabulu duk dare, a bar shi ya bushe, a shafa man kaɗanya da safe, a tafi da wando biyu ana wanke ɗaya. Duk minti 15 a miƙe tsaye kan feda na ɗan lokaci jini ya zaga.

Hannu ma haka. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara mutuwa, jijiyar gefen tafin hannu ce ta danne. A ɗaga kan keken kaɗan, a naɗa masa tsohon tub, a riƙa sauya riƙo, kada a kafe gwiwar hannu. In aka yi sakaci, wani sai ya yi makonni bai iya ɓalla maɓallin riga da kyau ba.

A jikin keken, ƙafar baya ce ke ɗaukar wahala. Wayoyinta, yawanci 36, muna kaɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar tsirkiyar gurmi. Wadda ta yi sautin ɗaf-ɗaf ta saki, kuma sakakkiyar waya ce ke karyewa, daidai lanƙwasarta, don tana motsi a kowane juyi. Ɗaya in ta karye maƙwabtanta su ɗauki nauyinta, ƙafa ta fara rawa tana gogar birki. A keke mai giya, wayoyin ɓangaren dama ba sa sauyuwa sai an kwance haƙoran baya, abin kwance su kuwa ba kowane mai faci na ƙauye ke da shi ba. Duk wadda muke shakka a nan muke cire ta. Kaya a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, kada su wuce kilo 15, a rataya su gefe biyu ƙasa-ƙasa, kada a goya jaka a baya.

Boris muna buɗe shi duka, a wanke da kananzir, a duba ko 'ya'yan sun yi rami. A yawancin kekuna tara-tara ne a kowane gefen ƙafar baya, goma-goma a ta gaba. Sabon giris, sannan ɗauri wanda ƙafa za ta juya sakayau ba tare da ta yi wasa gefe ba. Sarƙa awo ake yi mata: daga ƙusarta ta farko zuwa ta 25 santimita 30.5 ne, in ta wuce da milimita ɗaya da rabi ta tsufa, za ta cinye haƙora. Masu yi mata wanka da baƙin mai su sani, man da ƙurar hunturu in sun haɗu dutsen wasa wuƙa suke zama. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge saura da tsumma.

Taya ba a kan kwalta ta fi hujewa ba. Lokacin da aka sauka neman inuwa ne, a bi ta kan tsidau da ƙayar aduwa. A ɗauki keken a kafaɗa zuwa gindin itace, kafin a sake hawa a shafa tayoyin da hannu. Hujin kansa yana faɗin dalilinsa: biyu a jere iska ce ta yi kaɗan aka faɗa rami, huji ta ɓangaren ciki kan waya ne ya soki tub don robar da ke rufe su ta zame. Facin da ke ɗagowa kuwa gaggawa ce: a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira minti biyar ya bushe, sannan a manna. Kayan tafiya: tub biyu, faci, sabon sholisho da ba a buɗe ba, famfon da ya dace da bawul ɗinka, sifana 10 da 15, filaya, wayoyi huɗu, gaɓar sarƙa, da tsinken roba na ɗaure-ɗaure.

Lokacin tashi ya fi kowane gyara tasiri. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, mu dai ba ma ba kowa shawarar tafiya a wannan lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa: mai zuwa Yamai tana tura shi, mai zuwa Damagaram ta Agye da Tasawa yana cin karo da ita. Kilomita 235 ɗin Damagaram da iska a fuska na iya fin rabin hanyar Yamai gajiyarwa. Tsarin yini sallah ce ke yanka shi da kyau: a tashi bayan asuba, a sauka wajen ƙarfe 11, a huta har la'asar, a tsaya kafin magariba. Dare ba na keke ba ne a wannan hanya, ga manyan motoci, ga yanayin tsaro. Kafin kowane zango a tambayi direbobin tasha halin hanya, takardar shaida kuma tana aljihun gaba don shingen jandarmomi.

Cikin zafi mutum na iya zubar da gumin lita ɗaya a awa, wani ma fiye. A ɗauki aƙalla lita huɗu, a naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma ta yi sanyi, a riƙa kurɓa duk minti 15 kafin ƙishi ya zo. Ruwa zalla ba ya isa, don gumi da gishiri yake fita. A gora ɗaya a haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari ne ma'auni: in ya koma kalar shayi, ko an yi rabin yini ba a yi ba, a tsaya. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya gargaɗi ne. In magana ta fara rikicewa, zafi ya bugi mutum ke nan: inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Tiramol da wasu ke sha wai don ƙarfi yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, yana kawo gyangyaɗi da jijjiga. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak ma, in jiki ya bushe, ƙoda suke taɓawa.

Sukarin da jiki ya tanada ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. In ya ƙare ƙafa ta zama kamar an ɗaura mata turmi, hannu na rawa. Don haka ci kaɗan-kaɗan kowace awa: dabino huɗu ko biyar, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba in an samu. Fura da nono a hutun rana, tuwo ko shinkafa da wake da dare.

Abin da mutane ba su sani ba, yunwar nan da fushi take fara zuwa. Mutum ya tsinci kansa yana jin haushin keken, yana jin haushin abokin tafiya, yana tambayar wa ya aike shi. Ka'idar da muke ba kowa: ba a yanke shawarar hawa mota da ciki fayau, ko a tsakiyar tudu, ko ana tsakar rana. Ci, sha, kwanta minti 20, sannan ka sake tambayar kanka. Safiyar kwana na biyu da yinin kwana na uku su suka fi nauyi, zumuɗin tashi ya ƙare, mazauni na zafi, Yamai kuma har yanzu labari ce. Kada ka riƙa lissafin kilomitan da suka rage. Ka sa garin gaba kawai a rai: Galmi, sai Malbaza, sai Ƙonni. Hawa da gangarar wajen Madawa a bi su da giya mai sauƙi, in keken ba giya a sauka a tura, ba abin kunya ba ne.

Barci ba a cin bashinsa. A Faransa akwai tafiyar Faris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 cikin awa 90, ana yin ta duk shekara huɗu, kuma sanannen abu ne masu yin ta su riƙa ganin abin da babu a hanya saboda rashin barci. Kai da ba agogo ke bin ka ba, yi awa bakwai. In ku biyu ne, wanda ya fi rauni shi ke yanka saurin tafiya, a riƙa karɓa-karɓar gaba in iska ta taso, kowa kuma ya riƙa jan ɗan'uwansa da hira don ya ji ko maganarsa na nan daidai.

Bayan mun gama aiki ba ma sallamar keken kai tsaye. Mai shi zai ɗaura kayan da zai tafi da su, ya je Gidan Rumji ya dawo, abin da ya haura kilomita 100, gobe kuma ya sake hawa ko na awa biyu ne don ya ji yadda sirdi yake a jikin da ya kwana da gajiya. Sannan ya dawo rumfa mu sake kaɗa wayoyi, don sababbi suna saki bayan tafiyar farko, mu ƙara ɗaure kusoshin kariya, shi kuma ya nuna mana da yatsa daidai inda gwiwar ke ciwo.