Saura 2

Ranar Talatar da ta wuce ina Kaduna, na zauna ke nan zan ci tuwon dare, sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na 'yan ajinmu: Malam ya cika bayan isha'i, jana'iza gobe ƙarfe 10 na safe a Katsina. Babu wanda ya tambayi wane Malam. Malamai sun fi 30 da suka koyar da mu a sakandare, kowa da sunansa, amma in aka ce Malam aka yi shiru, an san wanda ake nufi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da asuba na kama hanyar Zariya, na bi ta Funtuwa da Malumfashi. Ban samu salla ba. A maƙabartar Ɗanmarna na cim musu, ana zuba ƙasa.

Lissafi yake koyarwa da safe, bayan la'asar kuma ya rataya usur a wuya ya sauko fili. Albashin lissafin kaɗai ake biyansa. Ƙwallon nan shi ya ɗora wa kansa, kuma ya fi shekara 30 yana dakonta a kan wata tsohuwar basfa wadda sai an tura take tashi. Mu ne masu turin.

Filin namu ba fili ba ne na a zo a gani. Da damina ƙarangiya, da hunturu ƙura, har gola ba ya hango takwaransa na ɗaya ragar. Raga ma faɗa ce kawai, ƙarafa ne guda uku-uku. Yawancin yara da kambas suke bugawa, wasu ƙafa ba takalmi. Ƙwallo biyu gare mu, kuma duk sun sha ɗinki wajen baduku har fatar asali ta kusa ƙarewa, iska kuwa sai an kai wa mai faci. Ranar gasa ne kaɗai ake ganin gata: Malam zai zo da lemon zaƙi a leda da gwangwanin gulukos, a hutun rabin lokaci ya zuba wa kowa cokali guda a tafin hannu. Daga aljihunsa, a shekarun da albashin malami ba ya ganin tsakiyar wata.

Ni dai ƙwallo ba ta taɓa jin maganata ba, in na buga gabas sai ta yi yamma. Kwana 3 ya ba ni a fili, rana ta huɗu ya kira ni gefe. "Kai yaro, rubutunka ya fi ƙafarka kyau." Ya miƙo mini littafi mai bangon kwali, irin na rajista. Daga 1994 har na gama a 1997 ni ne magatakardan ƙungiya. Wanda ya zo, wanda ya makara, wanda ya ci, minti na nawa, duk ina rubutawa. A shafin dama kuma makin jarabawar Juma'a.

Wannan jarabawar ita ce dokarsa, kuma ita ce abin da aka fi zaginsa a kai a ɓoye. Duk Juma'a kafin a tashi masallaci, tambaya 10 a allo. Ɗan ƙwallon da ya kasa kai maki 40 ba zai taka fili ba har mako ya zagayo. Kuma ba gida za ka tafi ba. Akwai wani bedi a bakin fili, ƙarƙashinsa za ka zauna da littafinka, kana jin ihun 'yan uwanka kana neman darajar x. Bulalarsa ma ba ta da daɗi, ba zan ɓoye ba don ya rasu, akwai ranar da na ga ya wuce gona da iri, kuma ni yanzu ba zan so a yi wa ɗana haka ba. Amma duk wanda ya ɗanɗana biyun zai gaya maka gara bulala 6 da zaman bedi.

Yana da wata al'ada. Duk sabbin 'yan wasa sai ya tattaka da su zuwa tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda ya zama gidan tarihi, ginin ƙasa da ke tsaye tun shekarun 1920. Zai ce nan Sardauna ya yi karatu, nan Tafawa Ɓalewa ya yi, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Sai ya kawo zancen fayis, wasan nan da ake dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Turawan makaranta suka shigo da shi, Sardauna kuma ya riƙe shi har yana Firimiya. "Sun yi wasa," in ji shi, "amma ba da wasan suka riƙe Arewa ba." Mu dai a lokacin yunwa muke ji.

Daren da Nijeriya ta doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta, a watan Agusta 1996, a zaurensa muka kalla, mu kusan 20, da ƙaramar talabijin da batirin mota a gefe ko za a ɗauke wuta. Da Amunike ya zura ta uku, 'yan Ajantina suka ɗaga hannu wai satar gida ce, mu kuwa muka kusa rusa zauren. Da aka koma makaranta, abin da ya fara zanawa a allo ke nan: miƙaƙƙen layi, ɗigo-ɗigo a kansa, ɗigo ɗaya ya makara bai fito tare da 'yan uwansa ba. Da wannan ƙwallon ya koya mana darasin layi da kusurwa. Har yau in na ga ana jan layi a talabijin ana duba satar gida, ƙurar allinsa nake gani.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, abokan aikinsa da yawa sun koma ma'aikatu, wasu sun zama daraktoci. An ce shi ma an yi masa tayi. Ya zauna da allinsa har ya cika shekara 35 ya yi ritaya, sannan ya shiga bin layin fansho. Wannan ba zan buɗe shi a nan ba, raina zai ɓaci.

A zaman makoki, ranar sadakar uku, mun cika tabarmi biyu a ƙofar gida, duk gemu ya fara fari. Cikinmu har da wanda muke kira Yakini, saboda Rashidi Yakini, ɗan gaban da ba mu taɓa samun kamarsa ba. Yanzu babban ɗan kasuwa ne, yana sayar da shinkafa da mai. Labarinsa kowa ya sani. Ana saura kwana 4 wasan kusa da na ƙarshe na gasar makarantu, ya faɗi jarabawar Juma'a. Muka roƙa, kyaftin ya durƙusa, firinsifal da kansa ya sauko fili ya ce, "Malam, a yi haƙuri a ɗaga masa ƙafa, sunan makaranta ne." Malam ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka ba da umarni zai buga, amma sai a nemi wani ya riƙe usur." Yakini bai buga ba. Aka ci mu ɗaya da nema, muka dawo a bayan akori-kura ba mai ce wa kowa uffan.

Aka yi addu'a aka shafa, sai hira ta koma can. Yakini ya gyara zama ya ce, "Ni wallahi na yafe masa duniya da lahira. Amma da an sa ni da mun ci. A kan maki ɗaya fa! 39 na samu."

Babban ɗan Malam ya tashi ya shiga cikin gida. Jim kaɗan ya fito da kwali, ya ce Hajiya ta ce a nuna mana. Littattafan ne, sun fi 20, gara ta ɗan taɓa na ƙasa. Na gane nawa tun kafin a buɗe. Na yi ta juya shafi hannuna na rawa har na kai makon. Ga sunansa, ga rubutuna na yarinta, 38. A gefe kuma da jan biro, da hannun Malam: saura 2.

Yakini ya karɓa, ya ciro tabarau ya saka, ya daɗe yana kallo. Ya share ido da bakin hannun rigarsa, sannan ya juyo gare ni.

"To ai rubutunka ne. Kai ka cinye mini ɗaya."