Godiya bayan kwana uku a gaban saba

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Jiya da la'asar ɗalibi na ƙarshe ya tura amsarsa ya miƙe, kwamfuta 36 ɗin nan babu wadda ta daskare ko sau ɗaya. Wallahi sai da na zauna a ƙasa don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Tun ranar Talata kwamfutocin cibiyarmu da za a yi jarrabawa a kansu suke ta daskarewa, dukansu kuma sun dogara ne da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe musu komai.

Daren Laraba ne ba zan manta ba. Wajen ƙarfe biyu, ni kaɗai a ɗakin, janareto na ta ruri a waje, sikirin ya tsaya cak, maus ba ya motsi, amma fitilun suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin da saba, suna ta ƙyaftawa kamar lafiya lau. Na canza kebul, na sake kunna saba har sau huɗu, da an buɗe burauza a injina da yawa sai a koma gidan jiya. Iyaye sun biya kuɗi, jarrabawa saura kwana biyu, nan ne hawaye ya zo min.

A wannan tsohon daren na kira Injiniyanmu, ubangidana da ya koya min Linux, manhajar da ke tafiyar da injinan, ina jin kunyar kiran amma ya ɗauka bugu biyu. Ya ce in nutsu in faɗa masa ina suwap ɗin injinan yake, wato wurin da inji ke sauke bayanai idan RAM, ma'ajiyar aikinsa ta wucin gadi, ta cika. Na ce ai ranka ya daɗe ba su da hadis, wato faifan ajiya na cikin inji, komai a kan saba yake ta NFS, hanyar ajiye fayil ta netwok, har suwap ɗin. Ya ce to ga ciwon nan. Idan RAM ta cika, kanel, wato zuciyar Linux, yana so ya kwashe wasu bayanai ya kai suwap, suwap kuma yana can ƙetaren netwok, shi kuma netwok sai ya samu ɗan wuri a cikin RAM ɗin kafin ya aika fakitin bayanai ya karɓi amsar saba. Ya ce kamar ɗaki ne da aka cika da buhuna har bakin ƙofa, ƙofar kuma ciki take buɗewa, kana son fitar da buhu amma babu inda za ka ja ƙofar. Sai a lokacin na gane me ya sa komai ke jiran komai. Ya ce tun 2012 a Linux 3.6 aka shigar da aikin Mel Gorman, ɗaya daga cikin masu rubuta kanel, da ke ba hanyar suwap ta netwok damar taɓa ajiyar gaggawa ta RAM, amma injin mai 2GB da ajiyarsa 'yar mitsitsiya ce ana iya shaƙe shi. Yana kan layi na ɗaga vm.min_free_kbytes don ajiyar gaggawar ta ƙaru, na sauke vm.dirty_ratio daga 20 don kar rubutun da bai kai saba ba ya taru, muka kunna zram, wato suwap ya dawo cikin RAM a matse ba sai ya jira kebul ba. Bai kashe wayar ba har aka kira assalatu, katinsa ne ma yake ci don shi ya sake kirana. Oga na san ba ka son a faɗa, ka yafe ni, Allah Ya jiƙan mahaifanka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Alhajin Beirut Road da ya ba ni RAM bashi ya ce sai na samu, Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare dukiyarka. Baba mai gadi da ya dinga kawo min shayi cikin kofin silba yana ajiyewa a bakin ƙofa ba ya cewa komai, Allah Ya biya maka buƙatunka. Maman yara da ta yi haƙuri kwana uku ban kwana gida ba, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Akwai 'yan uwa da in wayarsu ta samu matsala ko tsakar dare ne sai sun neme ni, wannan karon ko sannu ban ji ba. Ya ɗan taɓa min rai gaskiya, amma na bar shi, Allah Ya haɗa kanmu.

Cibiya za ta buɗe Litinin insha Allahu ƙarfe tara. Yau dai wayata a kashe take, barci zan yi.