Hular da na je Ascot da ita

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shekara talatin yana sayar da huluna a Kasuwar Kurmi, kuma abu ɗaya ya hana mu tun muna yara: sayen hula da ido. Komai kyan aikin da aka zuba mata, sai ka ɗora ta a ka, ka girgiza, ka sunkuya ka ɗago, sannan a shiga ciniki. Shi ya faɗo mini a rai da hantsin wata Talata a watan Yunin 2023, ina tsaye a ƙofar wani tsohon shago mai lamba 6 a titin St James's da ke Landan.

Abin da ya kai ni shi ne gayyata. Yayana likita ne, ya daɗe a Ingila, kuma wani abokin aikinsa ya samo mana izinin shiga sukuwar Royal Ascot ranar Alhamis, a ɓangaren da suke kira Royal Enclosure, inda ba a shiga sai ta hannun wanda yake ciki. Can ɗin tufafi ma da dokarsu. Namiji zai sa kwat mai jela, baƙa ko toka-toka ko shuɗiya mai duhu, da 'yar ciki, da laktaye, da baƙin takalmi da safa, sannan doguwar hular nan ta Turawa mai baki kewaye, baƙa ko toka-toka, ba a yarda a ɗaura mata wani ƙyalle mai launi ba. Amma dokar ta bar ƙofa: baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana iya sa kayan girma na ƙasarsa. Yaya tun da wuri ya kai babbar rigarsa guga, ya fito da zannarsa.

"Auta, kai ma ka sa rigarka mana, ka huta da wahala," in ji shi.

Na ce, "Yaya, ɗan mai hula ne ni. Ba zan zo garin da ake girmama wata hula haka in koma ban ji nauyinta a kaina ba."

Shagon shi ne Lock & Co., yana aiki tun 1676. Daga cikinsa hular nan mai zagayen kai da ake kira bowler ta fito a 1849, kuma Nelson, jagoran sojan ruwan Birtaniya, da Firaminista Churchill duk sun sayi hula a wurin. Cikinsa ƙunci gare shi, daɓen katako yana ƙara in ka taka, akwatunan hula farare an jere su har kusa da rufi. Ƙamshin wurin ma na sani, ƙamshin ƙyalle ne da ya sha tururi.

Wani dattijo ya tarbe ni. Bai tambaye ni wacce nake so ba, sai da ya zagaya mini awo a kai, ɗan sama da kunne, ya ce santimita 59, wato 7¼ a lissafinsu. A gida lamba 23 nake sawa, sai na ga awon ya zo daidai. Daga nan ya nuna mini wata na'ura da Faransawa suka ƙera tun ƙarni na 19, kamar hula ce da aka yi da siraran sanduna masu motsi. In aka kifa ta a kan mutum, sandunan sai su bi duk wani tudu da kwari na ƙoƙon kansa, wasu allurai a sama su huda takarda, siffar kan ta fito 'yar ƙarama. Ga irin waɗannan takardu nan a bango, na manyan mutane, wani kai kamar ƙwai, wani kamar gyaɗa. Dalilin wannan wahala kuwa a fili yake. Kube ko zanna, in ka yi sati kana sawa, ita za ta bi kanka. Doguwar hula tauri gare ta kamar ƙwarya, ba ta bin kowa, sai dai a ɗumama bakinta a lanƙwasa shi ya dace da mai ita. Na tuna masu wankin hula a gida da gumakan katakonsu, kowanne da lambarsa, na ce lalle sana'a ɗaya ce ta rabu gida biyu.

Sai ya ɗauko ta siliki. A nan na daɗe. Baƙa ce wuluk, amma in haske ya sauka a kanta sai ka ga yana gudu a jikinta tamkar ruwa, ga ta ba nauyi ko kaɗan. Ya shafe ta da wani ɗan matashin karan-miski, yana bin kwancin gashin ta gefe ɗaya kawai. Irin wannan silikin an daina saƙa shi tun shekarun 1960, da masaƙar ƙarshe a Faransa ta tsaya, saboda haka duk hular siliki ta asali da ka gani a kan wani, tsohuwa ce, ta riga ta zauna a kan wani kafin shi. Mutanen da kuma kawunansu ba su kai na yanzu girma ba, don haka manyan lambobi sun yi wuya, kuɗinsu yana kai dubban fam. Na ɗora ta. Ta zauna a tsaye, kamar yatsa ɗaya sama da gira, ba ta matse ba, ba ta yi rawa ba. Na sunkuya na ɗago yadda Baba ya koya mana, tana nan daram. Na cire ta da hannu biyu na mayar masa, domin kuɗin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, shi ma bai matsa mini ba.

Da la'asar na tafi wani shagon haya, inda yawancin masu zuwa Ascot suke karɓar kayansu. Na zaɓi toka-toka, wadda ake yi da gashin da aka daddanne, don ta fi dacewa da rana da zafi. Ta farko lambata ce, amma tana cizon goshi tana barin iska a gefe. Yaron shagon ya ce ai ta yi kyau a madubi. Na ce a kawo wata. Sai a ta uku na sami wadda ta yarda da kaina, ko da yake bakinta ya ɗan goge ta baya. Ita na ɗauka, ban kula da gogewar ba, tunda wuni guda zan yi da ita a tsaye.

Ranar Alhamis, 22 ga wata, saura kwana shida Babbar Sallah, muka shiga jirgin ƙasa a tashar Waterloo. Tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba. Taragon cike da dogayen huluna a kan cinyoyi, don in ka zauna da ita a ka, bakinta na baya zai daki kujera. Yaya kuwa yana zaune da zannarsa hankali kwance, mata biyu har suka nemi ɗaukar hoto da shi.

Sarauniya Anne ce ta kafa filin a 1711, kusa da fadar Windsor. Kafin mu kutsa cikin taro muka nemi gefe a kan ciyawa, wajen da ake ajiye motoci, muka yi azahar. Doguwar hula ba ta sujada, bakinta zai riga goshi isa ƙasa. Na kifa ta a kan jaridar sukuwa, na zaro 'yar farar hulata daga aljihun kwat na sa.

Ƙarfe biyu daidai kekunan doki suka shigo ta miƙaƙƙiyar hanyar fili, fararen dawakai a gaba, Sarki Charles da Sarauniya Camilla a keken farko. Al'ada ce tun 1825. A nan na gane amfanin hular. Da keken ya zo daidai mu, sai maza suka ɗaga hulunansu sama gaba ɗaya, ɗaruruwa, baƙaƙe da toka-toka. Mu a wurinmu girmamawa ita ce ka rufe kai, ka tuɓe takalmi, ka dunƙule hannu ka yi jinjina. Su kuwa kai suke buɗewa. Na ɗaga tawa. Yaya ya yi jinjina irin ta hawan sallah.

Caca ta cika wurin, mu dai dawaki muka zo gani, kuma mun gani. Dokin Sarki mai suna Desert Hero ya ci tserensa da ƙyar, mahayin cikin riga shunayya mai jan hannu, nasarar Sarkin ta farko a Royal Ascot tun hawansa. Ihun da aka yi sai da na ji shi a ƙirji. Bayan nan aka yi Gold Cup, tseren kusan kilomita 4 da aka fara a 1807, mahayi Frankie Dettori ya ci a kan doki Courage Mon Ami, karo na tara ke nan da ya ɗauki kofin. Na yi tsalle tare da kowa, na ruga bakin shinge don in ga dokin yana dawowa jiƙe da gumi, jijiyoyin wuyansa a tashe. Wani bawan Allah kusa da ni hannunsa ɗaya na kan hularsa tun da aka fara gudu. Ni sai a jirgin komawa na tuna da tawa, da na cire ta na shafa goshi ban ji ko shaida ba.

Washegari na goge ta da hannun riga, ta gefe ɗaya kamar yadda na ga dattijon ya yi, na mayar shagon haya kafin sallar Juma'a.