In an cire wa naku mafitsara, ku sa ido kan hanjinsa

Ƙannena masu jinyar iyaye, dan Allah ku ji wannan. In aka cire wa mutum mafitsara saboda cutar daji (kansa), wadda a wajenmu sau da yawa tsargiya ce silarta, irin wadda yara ke kwasowa a kududdufi da gonar shinkafa a ƙi kula, to likita yakan yanki guntun ƙaramin hanji kamar santimita 15 ya yi masa hanyar fitsari zuwa leda a gefen ciki. Aikin nan yana iya barin ƴan kafofi a ciki, ƙarƙashin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ko jikin tantanin da ke riƙe hanji, ko gefen jijiyoyin ƙugu inda aka kwashe kaluluwa. Hanji kuwa baya zama wuri ɗaya, wata rana sai ya zurma kafar ya maƙale. Ƙaba ce amma ta ciki, ba abinda zai kumburo a mara balle ku gani, kuma tana iya zuwa bayan watanni ko shekaru ma.

Abinda ya ci ni da Baba kenan, ɗinki ya warke sumul har ya koma masallaci, da ciki ya fara murɗa masa yana saki yana dawowa sai na ce ai basir ne, na jiƙa masa filasko da kanwa, na je kemis aka haɗo min na olsa, ina ta lallaɓa shi da kunu wai kar ya galabaita. Sai da na ga aman da ya yi a roba kore shar, cikin ya yi tim, ba bahaya ko iska bata fita, sannan hankalina ya tashi. Da aka buɗe shi wani ɓangaren hanjin ya riga ya yi baƙi dole aka yanke. Allah dai Ya yi da sauran kwanansa a gaba.

Hanjin da ya shaƙe jini baya kai masa, cikin sa'o'i yake mutuwa, maganin wankin ciki kuma tura kaya yake kan hanyar da ta toshe. Murɗa, amai, kumburin ciki, ba bahaya ba iska, ko ƙarfe 2 na dare ne ku hana shi ci da sha ku wuce asibitin da ake tiyata kai tsaye, ku faɗa tun daga ƙofa cewa an cire masa mafitsara, ku tambayi maganar hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna abinda ke cikin ciki. Takardar sallamar da asibiti ya ba ku bayan aikin kuma ku ɗauke ta a waya tun yau, ni tawa a ƙarƙashin katifa na baro ta ranar.