Mun dawo gida, mun gode

Assalamu alaikum. Jiya bayan azahar aka sallame mu. Yaron nawa ya taka da ƙafarsa tun daga zaure har ɗakin mahaifiyarsa, ya sha kunu rabin kofi, barci ya kwashe shi. Ni ma na runtsa, karon farko cikin kwana 11 ba a kan benci ba. Alhamdu lillahi.

Ba sai na maimaita labari ba. Wasunku ma sun riga ni ganin faɗuwar tasa bayan an tashi wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta kwalejoji, inda yake tsaron gida, don bidiyon ya zaga WhatsApp tun muna hanyar asibiti. Abin da bidiyo bai ɗauka ba shi ne abin da ya faɗo mini a rai lokacin da na gan shi kwance a gaban teburin kofi, leɓensa ya yi fari fat. Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya, na tuna. Watan Agusta na 1989, filin wasa na Surulere a Legas, ana karawa da Angola. Ina saurayi muka ji a rediyo. Sai Marc-Vivien Foé na Kamaru, 2003, a birnin Lyon na Faransa, wannan da idonmu muka gani a talabijin. Su a manyan filaye suka faɗi, duniya tana kallo, kuma ba su tashi ba. To ina ga nawa, da ya faɗi a filin da aka ja layinsa da toka, ko motar asibiti babu? Gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Inna lillahi kawai nake iya faɗa.

Su ciwon zuciya ne. Nawa saifa ce ta fashe, tun gwiwar da ya sha a ciki wajen bugun kwana bayan an dawo hutun rabin lokaci. Ya tashi ya karkaɗe jiki, ya ƙarasa wasa, ya tare fenareti, alhali jini yana zuba a cikinsa. Na ga yana dafe kafaɗar hagu, na ɗauka faɗuwa ce. Likita ya ce wannan ita ce alamar: ciwon saifa yakan harba har kafaɗar hagu, kuma zazzaɓin cizon sauro da ya sha fama da shi da damina yana kumbura ta, ta zama ba ta jure duka. Masu horar da yara, don Allah ku riƙe wannan.

Gasar tamu kowa ya san matsayinta. Ba NUGA ba ce ta jami'o'i, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ba NIPOGA ba ce ta kwalejojin kimiyya da fasaha, ba ta ma kai NICEGA ta kwalejojin ilimi ba. Rukuni na biyu ne na ƙananan kwalejoji, inda ɗan wasa ke sayen takalminsa da kuɗin abincinsa. Amma kofin tsoho ne, kuma duk wanda ya ci ana liƙa sunansa a gindin katakon. Sunan kwalejin da muka kara da ita ya fi na kowa yawa a jiki. Tamu ko sau ɗaya. Ni kaina na bi kofin nan ina ɗalibi, kuma su ɗin ne suka fitar da mu. Shekara da shekaru ina jin haushin rigarsu.

Rigar nan ce na ɗaga kai na gani a barandar ɗakin tiyata, wajen ƙarfe tara na dare, bayan an ce mana ana neman jini leda huɗu kuma babu a ajiye. Su tara ne, ko wanka ba su yi ba, ƙura har gwiwa, an ƙwace musu kofi ko awa uku ba a yi ba. Mai lamba tara ya matso ya durƙusa a gabana, ya ce, "Baba, gwiwata ce. A fara ɗibar nawa." Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Da ƙyar na ce, "Tashi, ɗana, ƙaddara ce." Ma'aikaciyar jinya ta sa suka sha ruwa suka huta kafin a gwada su. Jinin uku ya dace, har da nasa. Ya kwana a ƙasa kusa da ni, da asuba shi ya ɗebo mini ruwan alwala.

An ce alheri ba a tallarsa, kuma na san wasu za su ji nauyi, amma ku yi haƙuri. Koci, kai ka cicciɓe shi a kafaɗa, kuma har yau ba ka faɗa mini nawa ka biya kafin a shiga da shi ba. Na sani, an faɗa mini. Baba direban a-kori-kura, da ka sauke buhunan albasar mutane a bakin titi ka ɗauke mu, ban san inda zan same ka ba, duk wanda ya san shi ya isar. Hajiya mai abinci ta ƙofar kwaleji, kwano ba ya yankewa safe da yamma. Likitar da ta fito ƙarfe biyu na dare ta ce mini "Baba, an cire, yana numfashi da kansa." Ɗaliban da suka yi karo-karo da naira ɗari biyu-biyu. Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya jiƙan iyayenku, Ya sa kada ku taɓa zama a bencin da na zauna. Yaran nan tara, Allah Ya buɗa muku ƙofofin da ba ku zata ba, Ya ba ku masu tsaya muku a ranar da kuke nema, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Amin summa amin.

Dangi kuwa, na gode wa waɗanda suka zo. Waɗanda ke unguwa ɗaya da asibitin suka aiko gaisuwa ta waya, ita ma ta iso. Na san hidima ta yi wa kowa yawa. Mahaifiyarsa ce dai take ta kallon ƙofa. Su kuma masu karɓar kuɗin rajista a hannun kwalejoji, ban kira sunan kowa ba, amma mota ɗaya a bakin fili ba za ta karya kowa ba.

Likita ta ce sai allurar rigakafi, sai gidan sauro kullum, kuma ko ɗan zazzaɓi ya ji a garzayo, tunda wanda aka cire wa saifa ba ya wasa da zazzaɓi. Maganar ƙwallo an ajiye ta tukuna. Abokansa sun kawo kofin gida, yana kan durowa, ba a riga an liƙa sunanmu ba. Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi. Kuma don Allah kada a ba shi dariya, ɗinkin bai kame ba.