Kaka ta iso Legas a cikin buhu

Laraba da dare, Agege.

Yau ma da ruwa muka tashi. Tun kafin kiran assalatu yake zuba, sai wajen ƙarfe 9 ya ɗauke, rana ta buɗe, zufa ta karyo. Ga shi muna ƙarshen Oktoba, amma wankin da maman yara ta shanya tun jiya bai bushe ba, takalmina na bayan ƙofa har ya yi funfuna.

Da hantsi na shiga kasuwar Mile 12 karɓar kaya. Wata babbar mota ta iso daga Arewa, tamfol ɗinta ya yi futu-futu da ƙura. Da aka sauke buhun farko aka farke bakinsa, na zura hannu, sai na ji sabon gero ne. Sabon gero ba ya ɓuya, ƙamshinsa kaɗai ya isa shaida. Na daɗe a tsaye da tsabar a tafin hannuna, har yaron motar ya ce, "Alhaji, lafiya dai?"

Lafiya lau. Gida na tuna. A Gumel war haka ruwa ya ɗauke, raɓa ce ke jiƙa ƙafar wando da sassafe, iska ta fara juyowa daga gabas. Gero ya riga ya shiga rumbu dami-dami, ana roron wake, ana cirar gyaɗa. Dawa ce kawai ke tsaye a gona, ita sai ta sha hazon Nuwamba kafin a girbe ta. Muna yara, tun gero bai gama ƙosawa ba muke karyo zangarniya mu gasa tumu a bakin gona, mu murje da hannu, mu hure ƙaiƙayin, mu watsa a baki da zafinsa. Ban ƙara cin abu mai daɗin wannan ba.

Bayan magariba na kira Inna. Na ce, "Inna, ya kaka?" Ta ce, "Kaka sai godiyar Allah." Har ta ciro bargonta, ta nemi man kaɗanya saboda faso. Mu nan, kusa da teku, hunturu ba ya leƙo mu sai wajen ƙarshen Disamba ko Janairu, shi ma bai cika daɗewa ba.

Ina ajiye wayar 'yar autata ta ce, "Baba, wace kakar kake tambaya? Ba ita ce Kaka ba?" A nan aka haife ta, shekararta 6, ruwa da zafi kaɗai ta sani. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na zaunar da ita na lissafa mata: damina, kaka, rani, bazara. Na zuba mata geron da na zo da shi a hannu ta shinshina, na kuma yi mata alkawarin hutun Disamba a gida, ta ga ana sussukar dawa da idonta.

Maman yara ta jiƙa mudu ɗaya, gobe da safe za a dama mana kunu. Ga ruwa can ya sake sauka a kan kwano.