Fil ɗaya da ya lanƙwashe, aka goge mini Windows a banza

Kafofin USB biyu na hannun dama a laftof ɗina tare suka mutu, a daidai lokacin da ɗaliban jami'a ke rububin buga furojet. Aikina ke nan a Samaru, taifin da firintin, kuma linzami da firinta da filashin kwastoma kowanne kafarsa yake so. Ta hagu kaɗai ta rage, sai na koma cire wannan in sa wancan.

Abubuwan da aka saba yi duk na yi. Na danna Restart maimakon Shut down, tunda a Windows 10 kashewar ba ta cika sauke komai ba idan Fast Startup na kunne. Na shiga Device Manager na cire duk abin da ke ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, suka dawo da kansu. Na kashe USB selective suspend. Na zare caja da batir, na danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Shiru.

Sai na ɗauke ta zuwa wajen wani mai gyara a Sabon Gari. Ko juya ta bai yi ba ya ce, "Malam, direba ne ya lalace, sai an yi fomatin." Direba a nan ita ce 'yar manhajar da Windows ke tuƙa na'ura da ita. Na ce masa wani saƙo na fitowa a ƙasan allo, Power surge on the USB port. Ya ce bairos ne. Ya sa sabon Windows, kuma ta wace kafa? Ta hagun nan da ke aiki lafiya lau! Har yau idan na tuna wannan raina sai ya ɓaci. Windows ɗin da ke tuƙa kafar hagu shi ke tuƙa na dama. Da shi ne mai laifin, da wuya ya zaɓi gefe guda ya kashe ya bar ɗayan. Ya gama, na dama suna nan a mace, ya gyara zama ya ce to bod ne, wato babban faifan cikin laftof da komai ke jone a kai, in kawo kuɗi a nemo wani.

Fayilolina ya kwafe mini, wannan kam ban ƙi ba. Amma direban firinta, da tsarin shafin da kowane sashe ke so a furojet, da madannan da na saita don ƙ da ɗ da ɓ, duk sun tafi. Kwastomomi suka tsallaka shagon maƙwabci, wasu ba su dawo ba.

Wani yaro mai gyaran waya a layinmu shi ya gano matsalar, kyauta. Ya jona wayarsa a kafar dama, ba ta ɗauki caji ba. Ya ce, "Yallaɓai, ai babu wuta a nan kwata-kwata." Kafar USB volt 5 take bayarwa, kuma ko direba ya rikice yawanci waya za ta nuna tana caji. Ya haska tocila a ciki. Ɗan harshen robar nan da ke riƙe da filoli ya tsage a ɗaya daga cikin kafofin, fil na gefe ya lanƙwashe yana taɓa ƙarfen jikin ramin. A tsohuwar kafa filoli huɗu ne, biyun tsakiya na bayanai, biyun gefe na wuta. Na wutar ne ya haɗu da ƙarfe, sai kariyar da ke kan bod ta yanke wutar don kada wani abu ya ƙone. Da yake kafofin biyu wutarsu ɗaya a tawa laftof, mai lafiyar ma ta sha hukunci. Saƙon da aka kira bairos, abin da yake faɗa ke nan tun farko.

Muka kashe ta, muka cire batir, ya sa tsinken sakace ya ɗaga fil ɗin a hankali. Kada a sa allura ko wani ƙarfe a wurin, balle da wuta a jiki. Ya fito da dunƙulen ƙurar hunturu ma daga ciki. Da muka kunna, maƙwabciyar kafar ta dawo, firinta ta amsa.

Wanda ya karya harshen ban san shi ba, amma na sha ganin ɗalibi ya juya filashi a kife yana tura shi da ƙarfi. Yanzu mai karyayyen harshen na rufe ta da salatif har in samu mai iya sauya ta da dalma. Na sayi hob, wato ɗan akwati mai kafofin USB da yawa, mai nasa adaftar wuta, shi kwastomomi ke soka wa filashi, in ya lalace asarar kaɗan ce. Firinta kuwa kai tsaye nake jona ta. Mai adaftar na zaɓa don kafar USB 2.0 milliamp 500 ne iyakarta, mai shuɗin ciki ta 3.0 kuma 900, kuma hob marar adafta wannan ɗin yake rarrabawa.

Mai gyaran Sabon Gari na koma na nuna masa fil ɗin. Ya leƙa, ya ce ai dama Windows ɗin ya tsufa. Kuɗina bai dawo ba.